Gidan Madugu, Gidan Marasa Kowa

A Tanut aka fara cin mu, ni da Inna. Shofer ɗin kamyon da muka hau daga Damagaram ya rantse har Agadas zai kai mu, amma muna shiga Tanut ya ce kowa ya sauka, wai moter ya yi zafi sai ya huce. Muka sauka. Na zaga bayan tasha neman ruwa, kafin in dawo babu kamyo babu dalilinsa. Aparantin, yaron motar, shi ne ya jefo mana tabarma da ƙullin kayan aikina suna tafe, Allah ya saka masa, don da ya ga dama da su ma sun bi shi. Na tsaya da buta a hannu ina kallon hanya kamar wanda aka ba gadinta. Inna na zaune, ƙafafunta a kumbure suntum, sai ta juya wajen wata mata da ba ta taɓa gani ba ta ce, "Baiwar Allah, a gaya wa wannan ya zauna. Tsayuwa ba ta dawo da mota."

"Wannan" ɗin ni ne. Sunana Isuhu, magini, daga wani ƙauye gabas da Tasawa, kuma ni ne ɗan farinta. Duk wanda ya tashi wajenmu ya san nauyin wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana kallo. A ɗakin kakata na girma, Inna kuwa sai dai in hango ta tana wasa da ƙannena tana yi musu kirari. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. To ga shi fari ya zo ya tarwatsa gida. Gero ko kai bai fitar ba, ƙannena suka yi kudu kafin a rufe iyaka, matata ta kwashe yara ta koma gidan ubanta inda ake sa ran akwai saura a rumbu. Aka bar ni da matar da ba ta iya ce mini miƙo ruwa sai ta bi ta bakin wani. In babu kowa kusa, da buta take magana. "Butar nan, wai rana ba ta yi ba ne a tashi?" Ni kuma in amsa wa buta.

Arewa na nufa don an ce ana haƙar gawayin ƙasa a Cirozerin, ana gina wa ma'aikata gidaje, magini ba ya kwana da yunwa. Wa ya ce? Oho. Kowa ya ce, ba wanda ya gani.

Mun daɗe a Tanut kafin wani kamyon hatsin taimako ya yarda ya ɗora mu bisa buhuna. Ka ji wata azaba: kana zaune kan dawa, kana jin ƙamshinta, cikinka na kuka, soja na gefenka da bindiga. Zamanin soja ne, ba a wasa da hatsin gwamnati, ko ƙwaya ce ta faɗo sai ka kau da kai. Hanya kuwa ba abin gani sai mushen shanu, fata ta manne da ƙashi, ungulu ma ta ƙoshi ta bar su.

A shingen jandarma na Adarbisanat aka ce kowa ya fiddo kart dantite, takardar shaidar ɗan ƙasa. Ni ina da tawa. Inna kuwa tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Jandarma ya ce a sauke ta. Na shiga roƙo, yana mini faransanci ina masa rantsuwa, ba mai jin wani. Sai wani Buzu dogo da muke tare bisa buhuna, wanda tun Tanut bai ce uffan ba, ya yi magana daga cikin rawaninsa, ya fara da "mushe", wato yallaɓai a faransanci: "Mushe, dubi ƙafarta. In ka sauke ta nan, kai za ka haƙa ramin." Jandarman ya dubi ƙafar, ya yi tsaki, ya ɗaga sanda muka wuce. Can gaba Buzun ya kwance wani ƙulli ya ba Inna busasshen dabino, ya ce na Timiya ne, shi ya rage masa bayan raƙumansa sun ƙare. Ko sunansa ban tambaya ba, hankalina ba ya jikina. Inna ta tura rabin dabinon gefena ta ce da buhu, "A ci." Ta juya baya ta ci nata.

Da muka hango hasumiyar Agadas, doguwar nan mai itatuwa cako-cako a jiki, na ce alhamdu lillahi, wahala ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ko ƙafa ban gama saukewa ba wani mai baƙin tabarau ya tare ni, fara'a har kunne, wai shi ke ɗibar magina zuwa Cirozerin. Ya tambayi garinmu, na faɗa, ya ce ai kakarsa ƴar can ce. Kai, har hawaye na ji! Ya ce mota da sassafe take tashi, amma in ba shi kayan aikina ya kai wa shef, shugaban aikin, don shef ba ya ɗaukar magini sai ya ga cokalinsa. Na kwance ƙulli na ba shi cokalin gini da guduma da zaren awo, na ƙara da godiya. Baƙo ko da ido makaho ne. Har yau da nake wannan magana ban sake ganin mai tabarau ba, Cirozerin ma ban taɓa ganin ta ba.

Na kafa wa Inna rumfar tabarma jikin bangon tasha, ni kuma na shiga gari neman abin yi. Tsohon garin Agadas ba don baƙo aka yi shi ba. Lungu ya kai ka lungu, ka yi ta tafiya ka ga ka dawo ƙofar da ka bari, matan da ke zaune wurin suna maka dariya. Hausa suke yi, amma sai na kasa kunne sosai kafin in kama. A irin wannan ɓatan ne na faɗo kan wasu mutane suna cuɗa ƙasa da ƙafa a ƙofar wani ƙaton gida. Na yi sallama, na naɗe wando, na shiga cikin kwaɓin ba tare da an ce in shiga ba. Wani dattijo gajere mai farin gemu ya dube ni ya ce, "Kai kuma daga ina?"

Na ce, "Daga yunwa."

Ya yi dariya ya ce to in ci gaba da takawa. Shi ne Baba Alhasan, babban maginin aikin.

Gidan Madugu ake ce wa gidan. Wani attajirin fatake ne ya gina shi tun kafin zuwan Nasara, lokacin da ayarin gishiri ke sauka a ƙofarsa. Bene ne na ƙasa, azararsa ta goriba ta yi baƙi ƙirin don tsufa, bangon zaure duk zane ne na hannu. Ɗaki cikin ɗaki, ɗaki bayan ɗaki, na gishiri, na dabino, na baƙi, na bayi, har ni mai aikin nakan shiga in rasa hanyar fita. Jikokin madugun sun watse, wasu Libiya wasu Arlit, gida ya zama na jemagu da awakin unguwa. Sai mahukunta suka ce a gyara shi a kawo tsofaffin da fari ya bari yashe a sansanin bayan gari, waɗanda ƴaƴansu suka tafi neman abinci ba su dawo ba.

Da na ji haka na ce, "Baba, gidan me?"

"Gidan tsofaffi."

"Na wa?"

"Na marasa kowa."

Wallahi kaina ya ɗaure. A wajenmu ko mahaukaci yana da ɗan'uwan da zai ba shi zaure. A tara tsofaffi wuri ɗaya kamar awakin da za a kai kasuwa? Na ce duk ɗan da ya bari aka kawo uwarsa nan, nonon da ya sha ba zai bar shi ba. Bakina ke nan, kullum yana gaban hankalina.

Aikin ma a birkice yake. Ni na saba a ce gina, nan kuwa rabin aikin rushewa ne. Wata ma'aikaciyar lafiya, Madam Fati, ita aka ba riƙon gidan, kullum tana tafe da fararen kaya tana nuni da yatsa. Dokin ƙofar nan ya yi tudu, tsoho zai yi tuntuɓe, a sare. Ƙofar nan ta yi ƙunci, ba a shiga da marar lafiya a ɗauke, a faɗaɗa. Ɗakin gishiri ba taga, a huda. Matakalar bene a toshe ta kar wata ta hau ta faɗo. Baba Alhasan ya yi ta cika yana batsewa, don kakansa na cikin waɗanda suka yi zanen da ake cewa ya fasa. Ran da za a faɗaɗa ƙofar zaure ya ƙi bari kowa ya taɓa, shi ya ɗauki gatari da kansa, yana sara yana zagin Madam ƙasa-ƙasa, yana sara yana neman gafarar kakansa. Da ya gama ya zauna kan ɓaraguzan ya share gumi ya ce, "To, gara dai tsofaffi da jemagu."

Ladanmu tuwon jar dawa ne, a nan shantiye, wurin aikin, ake tuƙawa a nan ake ci. Nakan yi loma kaɗan in dunƙule sauran a hula in kai wa Inna tasha. Bai ishe ta ba, bai ishe ni ba. In na zauna hutawa sai ƙauyenmu ya faɗo mini, tsamiyar ƙofar gida da miyar kukar matata, in ji kamar in ajiye komai in kama hanya da ƙafa. In koma in tarar da me? Ƙafafun Inna suka fara tsattsafo da ruwa, ƙudaje suka sami wurin zama. Na kai ta gidan likita, muka wuni a layi, aka ba mu ƙwayoyi aka ce ta riƙa cin abinci mai kyau. Abinci mai kyau! Kamar wanda na ɓoye shi a aljihu.

Baba Alhasan ne ya lura da hulata. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Isuhu, hular nan taka ta fi ka cin tuwo. Wa kake ciyarwa?"

Na faɗa masa komai. Ya tsefe gemu, sannan ya ce, "Gidan nan in an buɗe, akwai koko da safe, akwai madarar gari, akwai allura, akwai inuwa. Amma akwai ajidan, sojan da aka ɗora kan hatsin gidan, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda ke da ɗa ko jika a gari ba ya shiga. Ka kai ta sansani ka ajiye, ka tafi kar ka waiwaya. Ran da Madam za ta je ɗiba ni zan raka ta, zan nuna mata ita."

Na ce, "In yar da uwata ke nan?"

"Ka yar da ita yau ka tsince ta gobe cikin gida, ko ka riƙe ta a tasha ka kai ta makabarta. Zaɓi."

Na rasa gane ko taimako na yake yi, ko shi ma irin mai tabarau ne. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na ari amalanken jaki na ɗauke ta zuwa sansani. Bukkokin tsumma da kwali iya ganinka, Buzaye da Fulani waɗanda da suke da garke, yanzu ko kaza babu. Na shimfiɗa mata tabarma kusa da wata Buzuwa mai goyo. To yanzu ta yaya zan gaya mata? Ban taɓa zama na yi mata doguwar magana ba a rayuwata. Sai na ajiye buta a tsakaninmu na yi wa buta bayani tiryan-tiryan: za a zo da mota, za a yi tambaya, a ce ba kowa, ƴaƴa sun mutu ko sun ɓata, in an ga wani magini a gidan, ba a san shi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Butar nan, a ce masa an ji. A ce masa kuma ya riƙa cin tuwonsa duka." Na tashi na kama jaki. An ce kar in waiwaya, ban waiwaya ba, amma jakin ne ya kai ni gari, ni ban ga hanya ba.

Baba Alhasan bai ci amanata ba. Ran da aka buɗe gida ina bisa bango ina yaɓe na ga an sauko da ita daga mota cikin na farko-farko. Aka kai ta ɗakin gishiri, wanda ni na huda tagarsa. Abokiyar ɗakinta wata tsohuwa ce ƴar asalin garin, mai ido ɗaya, ana ce mata Lalla, bakinta ya fi aska. A gidan aka haife ta, uwarta baiwar madugu ce. Ta ce da tana yarinya in ta leƙa ɗakin nan dukan tsiya take sha, yau ga ta kwance ciki ana kawo mata koko har shimfiɗa. Bangon ɗakin har lokacin gishiri yake fitarwa, sai ka ga tsofaffi suna lakata da yatsa suna kaiwa baki.

Gidan ya cika, rikicinsa ya fara. Tsofaffin daji da ba su taɓa kwana ƙarƙashin azara ba suka ƙi ɗaki ƙememe, su ja tabarma zuwa tsakar gida, Madam ta sa a mayar, su sake jawowa. Wani tsohon makiyayi kullum sai ya tare ni ya tambaye ni ina gabas, wai bango ya ɓatar masa da alƙibla. Wata kuma ta rantse matar madugu na yawo a benen da muka toshe, jemagu ne ba su gama tashi ba. Mu magina aiki bai ƙare ba, saura salga da ɗakunan baya, shi ya sa muna nan cikinsu.

Inna ta murmure. Kumburi ya saɓe, ta fara takawa da sanda. Ashe mai barkwanci ce, ni ban sani ba! Ta san sunan kowane ma'aikaci. "Kai Bubakar, wannan yaɓe ne ko kashin shanu?" Ina jin ta daga nesa tana sa mutane dariya. Amma da na doso sai ɗif. Ta ja mayafi, ta juya wa bango fuska, in kwano na hannunta ta rufe. Ni ma in sunkuyar da kai in wuce da sauri. A ganinmu ɓoyewa muke yi, har muna ganin mun iya.

Ana nan aka kama wani. Wani tsoho ne, ashe ɗansa na cikin masu ɗebo ruwa, aka gan shi yana yanke masa farce yana kuka. Ajidan ya zo ya sa aka fitar da su su biyun, tsohon bisa amalanke, ƙullinsa a cinya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce hatsin na wanda ba shi da kowa ne, duk wanda ya ci da ƙarya ya ci rabon wani da ke mutuwa a sansani. Abin haushi, gaskiya ya faɗa. Na tsaya da ƙasa a hannu har ta bushe.

Ba a jima ba Madam Fati ta kira ni zaure. "Bon, Isuhu, me ka yi wa tsohuwar ɗakin gishiri?"

Na ce, "Ni? Ba komai, Madam."

"Ba komai? Kowa tana wasa da shi, kai kaɗai in ta gan ka sai ta ɓuya, har abinci take bari. Tsoron ka take ji. Zagin ta ka yi, ko wani abu ka ɗauke mata?"

Na yi ta rantsuwa, ta ce rantsuwa ba ta shafe ta ba. Ba za a ci zalin tsoho a gidan da take riƙo ba, kuma ta riga ta gaya wa ajidan, zai zo ya ji daga bakin tsohuwar.

Na fita ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Wai na cuci uwata, don kawai tana jin kunyata. In na ce ƙarya ne sai in faɗi dalili, in na faɗi dalili sai amalanke. In na ce gaskiya ne, soja ba ya wasa da mai cutar tsoho. Gaba kura baya siyaki.

Lalla ce ta tare ni bakin randa, ta ƙwanƙwasa mini sanda a ƙwauri. "Kai ɗan fari, zo nan."

Na ce, "Iya, wa?"

"Rufe mini baki. Ido ɗaya gare ni amma ba a ƙeya yake ba. Tun ranar farko na gane, duk tsofaffin gidan nan sun gane, har kurman ɗakin dabino. Ku mutanen kudu, kun zo ɓuya kun ɗaura ƙararrawa a wuya. Madam ba ta gane ba don ba cikin wannan ta tashi ba. Amma ajidan Bagobiri ne, dubi zanen fuskarsa. Uwarsa haka ta yi masa, ko ta yi wa wansa. Ya ga mace ta ja mayafi ta juya baya, kafin ƙiftawar ido ya gama da ku."

"To yaya zan yi, Iya?"

"Kai ba ka da abin yi. Ita ce. Ta dube ka cikin ido ta kira sunanka gatsal gaban mutane, kamar yadda take kiran Bubakar. Macen da ta yi haka ba wanda zai ce ita ta haife ka."

Na ce, "Ba za ta iya ba."

"Na gaya mata. Ta ce gara a mai da ta sansani."

"Sai kika ce me?"

"Na ce to a mai da ta, ta mutu can da kunyarta, kai kuma a kai ka gidan kaso da taka. Tun ɗazu da bango take magana."

Da hantsi ajidan ya zo. Tsofaffi na jere a inuwar tsakar gida, aka kawo masa kujera ya zauna, dogo siriri, hula a karkace. Aka fito da Inna aka zaunar da ita gabansa, mayafi har haɓa. Aka kira ni, na sauko daga tsani, ƙasa har gwiwar hannu.

Ya ce, "Iya, an ce wannan mutumin ya yi miki wani abu. Faɗa mini, kar ki ji tsoro."

Mayafi ko motsi bai yi ba. Ajidan ya dube ta, ya dube ni, ya sake duban ta, na ga idonsa ya fara ƙanƙancewa. Na ce shi ke nan, har na fara tunanin wanda zai ara mini amalanke. Sai Lalla ta yi wani tari, irin wanda ba na mura ba.

Inna ta sa hannu ta janye mayafi. Ta ɗago kai ta dube ni. Ban san yanar ido ta fara rufe mata gani ba sai ranar, don ban taɓa ganin idon daga gaba ba.

"Wa, Isuhu?" Muryar ta fito da ƙarfi, har ta wuce yadda ta nufa. "Isuhu magini? Mushe, ba abin da ya yi mini sai ƙazanta. Duk inda ya bi ƙasa ke zuba, shi ya sa nake rufe kwanona ina rufe fuskata. Kai Isuhu! Ba da kai nake ba? Tagar da ka huda mana a karkace take, rana na dukan mu. Je ka gyara."

Ni kuwa na tsaya sototo. Na ji sunan, na san nawa ne, amma ban taɓa jin sa cikin wannan murya ba, sai na waiga in ga ko da wani Isuhun a bayana. Tsofaffi suka fashe da dariya, Lalla ta fi kowa, har da buga sanda a ƙasa tana cewa, "Ga ƙazanta ga kurumta!"

Ajidan bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban Inna. Sannan ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ka ji abin da tsohuwa ta ce. Je ka gyara taga." Ya yi wa Madam wata magana da faransanci ya fita.

Na shiga ɗakin gishiri. Taga lafiyarta lau, na yi ta shafa gefenta da hannu dai. Aka shigo da Inna, ta kwanta ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Ban san kukan me take yi ba, ko kunyar da ta zubar, ko ƙaryar, ko wani abin da ban sani ba. Ni ma ban gane abin da ke cikina ba. Uwata ta kira sunana don ta nuna wa duniya ba ita ta haife ni ba, ni kuma daɗi ya kama ni har ina jin kunyar daɗin. Wane irin ɗa ne wannan?

Daga ranar dole ta ci gaba, don idon Madam na kanmu. Isuhu ruwa, Isuhu ka taka mini zane, Isuhu kai dai ba ka iya komai ba. Ta fi zagina a kan kowa. In na ce ban riƙa ƙirƙiro dalilin bi ta ƙofar ɗakin gishiri ba, na yi ƙarya. Aiki ya ƙare aka sallami magina, Baba Alhasan ya sa baki aka bar ni mai gyare-gyare, don gidan ƙasa mai irin wannan shekaru kullum da inda zai tsage. Ta ci ta sha, ta yi ƴar ƙiba, ta ga damina ta dawo, har ta sa aka fitar da ita tsakar gida ruwan farko ya taɓa ta.

Sanyin da ya biyo baya ne ya tafi da ita, tari na ƴan kwanaki. Matan gidan suka yi mata wanka, mu ma'aikata muka ɗauka kamar yadda muke yi wa kowane tsoho. Ni na shiga ramin na karɓe ta, ba wanda ya yi mamaki, ai magini ke jera tubali. Da muka dawo ba zaman makoki, marar kowa wa za a yi wa gaisuwarsa? Madam ta ce, "Allah sarki, ko mutum ɗaya nata babu." Na ce haka ne, Madam. Na ɗauki kwaɓi na hau tsani, don ban san inda zan sa hannuna ba.

Ina nan sai ga ajidan ya shigo duba buhuna. Ya wuce ɗakin hatsi, ya wuce Madam, ya zo ya tsaya ƙarƙashin tsanina ya cire hula. Na sauko. Ya miƙo hannu, na nuna masa nawa duk ƙasa, ya kama haka nan.

"Isuhu," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma Madam na jin mu. "Ya haƙuri?"

Wannan tambayar wanda aka yi wa mutuwa kaɗai ake yi wa. In na amsa na faɗi komai, aikin ma wataƙila ya tafi. Ban san tun yaushe ya sani ba, ban san ko tarko ne ba. Na dubi ƙofar ɗakin gishiri, har an share wurinta ana shirin kawo wata. Ita dai babu sauran abin da za a ƙwace mata.

Na ce, "Da godiya, mushe. Uwata ce."